Hutun damina da yara: gyaran gida, tanti, da gardamar kwana a bakin ruwa

Baban Yara Uku, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na zo neman shawarar waɗanda suka riga ni ajiye iyali. Tun da aka sallami yara dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, ni da maiɗakina muka yanke cewa bana ba za mu zuba musu ido su cinye hutun a kan waya da talabijin ba. Yaranmu uku ne: babban yana da shekara tara, ƙanwarsa shida, autan kuma bai cika uku ba. Gidanmu a bayan gari yake, kuma mun tare ne kafin a kammala shi, kamar yadda yawancin masu albashi ke yi idan haya ta ishe su. Katangar gabas babu yaɓe, babu rumfa, ruwan indararo kuwa a gindin bango yake sauka.

Zuwa yanzu mun haɗa akurki da ragowar katakon rufi, mun zuba kaji biyar, mun kuma ja kunyoyi shida a bayan ɗakin girki muka shuka kuɓewa da rama da yakuwa, da zogale a jikin katanga. Daɓen tsakar gida ne kaɗai na kira birkila ya yi, shi ne kuma aikin da ya lalace. Ruwan farko da aka yi bayan ya gama, maimakon ya nufi ƙofar waje sai ya kwanta a bakin ɗakin yara, muka raba dare muna kwashewa da kwano. Da na kira shi ya ce ƙasar wurin ce ta zauna, tun daga ranar kuma wayarsa ba ta shiga. Abin da kawai nake so a daɓen nan shi ne shatin tafin hannun ɗiyata, wanda ta danna tun simintin yana ɗanye ba mu gani ba.

Magana ta biyu ita ce ta jawo saɓani a gida. Na sayi tanti na gwanjo mai cin mutum huɗu, domin ina sakandare na yi sikawut, kuma har yau ban manta daɗin kwanan da muka yi a daji ba. Nufina in kai su Argungu mu kwana ɗaya a bakin gulbin Matan Fada, da safe mu shiga gidan tarihi na Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi. Maiɗakina ta ce ba da 'ya'yanta ba. Mahaifiyata kuma ta ce ita a saninta mafarauci da makiyayi ne ke barin ɗaki su kwana a jeji, kuma ban gaji ko ɗaya ba. To, yaya zan gyara daɓen nan ba tare da na fasa shi duka ba, kuma shin na yi kuskure a batun tantin?

Tsohon Birkila, Argungu

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ƙasa ce ta zauna ba, gangara ce bai fitar ba. Ƙasar da ta zauna tsaga daɓe take yi, kai kuwa ba ka ambaci tsaga ba. Duk wanda zai yi daɓen tsakar gida, kafin ya kwaɓa ko kwanon sarki ɗaya, sai ya fara tambayar kansa ta ina ruwa zai fita, ya ja igiya daga bakin ɗaki zuwa mafitar, ya tabbata bakin ɗakin ya fi tudu. Mu a zamaninmu ba a biyan magini cikon kuɗinsa sai an kwara bokitin ruwa a gabansa an ga inda ya nufa. Ka riƙe wannan don gaba.

Ba sai ka fasa duka ba. Ka jira a yi ruwa, ka zagaye inda ya kwanta da gawayi, domin idan ya bushe ido ba ya gane wurin. Idan kwarin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a sassare fuskar daɓen a wurin, a wanke, a shafa ruwan siminti, sannan a ƙara wani daɓen a kai mai gangara. Idan ya fi haka zurfi, yanka 'yar magudana a jikin bango zuwa waje ya fi sauƙi. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ruwan indararon da ka ce yana sauka a gindin bango. Wannan ka fara da shi kafin rumfa da yaɓe, domin shi ke cin tushen gini a hankali, mai gida bai ankara ba sai bango ya tsage. Ka zuba kankare kamu biyu ko uku a zagayen gindin, ko ka kafa duro a ƙarƙashin indararon, mai marfi.

Yaɓe kuwa ana yinsa da damina, har ma siminti ya fi son laima a kan zafin bazara, tunda kwana bakwai yake buƙata ana ba shi ruwa. Sai dai a fara da sassafe, a ajiye leda kusa saboda hadari. Sannan ka raba yara da ɗanyen siminti. Cin fata yake yi, kuma tafin hannuna shaida ne. Su tankaɗe yashi, su riƙe igiya, su yi wa bulo ban-ruwa, wannan ya ishe su.

Ma'aikaciyar Jinya, Yauri

Malam, ni batun tantin zan yi magana a kai, kuma ina tare da uwargida. Watan Agusta shi ne lokacin da gadajen yara ke cika mana da masu zazzaɓin cizon sauro. Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da cutar, babu jihar da ta kai mu, kuma yawan cutar na cikin abin da ya sa aka fara allurar rigakafinta da Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Bakin fadama da marka kuwa gidan sauro ne na gaske, ba irin wanda muke ɗaurawa ba. Tantin gwanjo sau da yawa ragarsa ta yage ko zif ɗinsa ya mutu, ka duba naka da kyau.

Ina fatan autanku yana shan maganin da ake bi gida-gida ana bayarwa duk wata a damina, na yara daga wata 3 zuwa wata 59. Kwana uku ake sha, kuma inda ake samun matsala shi ne kwana na biyu da na uku da ake bar wa iyaye. Bayan sauro akwai tsargiya, wadda yara ke ɗauka idan sun shiga ruwan kududdufi ko gefen gulbi inda katantanwa ke zama, sai bayan makonni a ga fitsarin jini. Akwai kuma macizai, da ruwa ke korowa daga ramukansu su nemi busasshen wuri. Wannan ma ya shafi gidanku, tunda kun tara katako da bulo: kada yaro ya cusa hannu ƙarƙashinsu, kuma idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa ba a ɗaure tamau, asibiti ake nufa. Duron da Baba Birkila ya ambata ma, marfin ya zama wanda autan ba zai iya ɗagawa ba.

Malamin Jami'a, Aliero

Ina girmama abin da Malama ta faɗa, amma ina ganin za mu taru mu kashe wa bawan Allah nan gwiwa a kan abu mai kyau. Mu nawa ne a nan ba mu kwana a bukkar gona ba muna yara, lokacin tsaron shinkafa ko korar tsuntsaye? 'Ya'yan Fulani a ruga suke tashi, kuma yaro ɗan shekara tara a cikinsu ya san hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska za ta watsar. Namu kuwa mun rufe su a bayan katanga da ƙyauren ƙarfe, har yaro ya kammala firamare bai san bambancin gero da dawa a gona ba, bai taɓa hura wuta da kansa ba, ɗauke lantarki kawai ke sa shi kuka. Sauro akwai shi a cikin gari ma. Idan mutum ya tanadi gidan sauro mai magani da fitila da takalma, ban ga abin da zai hana uba nuna wa 'ya'yansa duniya ba.

Ɗan Masunta, Argungu

Malam na Aliero, kwanan bukka da kake magana da kaka ake yinsa ko da rani, ba da marka ba. Shi kuma mai tambaya, ina jin ruwan da ke cikin ransa shi ne wanda yake gani lokacin bikin kamun kifi, inda dubban mutane ke rugawa da gora da homa. Ana yin bikin ne da rani, wajen Fabrairu ko Maris, bayan ruwa ya ja baya. A watan Agusta da Satumba gulbin ba shi da baki tsayayye, inda ka kafa tanti da la'asar yana iya zama ruwa kafin asuba, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a Argungu ba, domin daga sama ruwan ke gangarowa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a fadamar nan ba zai kwantar da yaro a wurin ba. Sannan Matan Fada ba wurin da baƙo zai je ya yada zango da kansa ba ne. Yana da masu kula da shi, akwai Sarkin Ruwa akwai Makwashe, kuma ladabi ne a nemi izini.

Gidan tarihin kuwa ku zo ko gobe, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba daga Birnin Kebbi. Ginin tsohuwar fada ce ta 1831, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma yaro mai shekara tara zai daɗe a gaban makaman yaƙi da tambura. Ka ba shi labarin yadda bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ku ci kifi ku koma gida kafin magariba.

Ma'aikaciyar Jinya, Yauri

Akwai abin da kowa ke zagayewa, bari in faɗe shi. Dajin da Malam ya kwana yana yaro ba shi ne dajin yau ba. Mu a nan ƙasar Yauri ba mu manta da ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ba, a ƙasar Argungu ma an ga harin da 'yan bindiga suka kai garin Mera cikin Nuwamban 2024. Tanti mai launi a fili, da mota a gefensa, da fitila da dare, sanarwa ce.

Malamin Jami'a, Aliero

Wannan hujjar na karɓe ta, ba ni da amsa a kanta. Amma ban janye maganata ta farko ba. Idan jeji ya gagara, a nemi abin da zai maye gurbinsa, kada a ce tunda babu tsaro sai waya.

Malamar Firamare, Jega

Ni abin da ya ja hankalina tun farko ba tantin ba ne, akurkin ne da kunyoyin. Duk shekara idan aka dawo hutu a Satumba, makonni biyu na farko maimaici muke yi, domin yara sun zubar da rabin abin da suka koya, kuma ina iya gane wanda aka sa shi aiki da hankali a gida. Ka ba babban tef ɗin awo ya auna katangar da za a yaɓe, ya rubuta tsawo da faɗi a littafi, ya lissafa kuɗin yashi da siminti tare da kai. Ita kuma 'yar shekara shida, yanzu ne zabi ke zuba ƙwai, ka sayo guda goma a sa wa kaza mai kwanci, a ba ta alli ta riƙa jan layi ɗaya a bango kullum. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa sai ya kusan mako huɗu, kuma a wannan jiran za ta koyi ƙirga da haƙuri lokaci guda.

Sai dai in ja kunne a kan abu biyu. Aikin da yaro zai koya daban yake da aikin da aka jibga masa don a huta da biyan lebura. Ɗaukar bulo da tura baro cike da yashi ba na ɗan shekara tara ba ne. Na biyu kuma, kada guduma ta zama ta namiji kaɗai, wanke-wanke kuma na mace kaɗai. Wanda zai tafi makarantar kwana nan da shekara uku ya kamata ya iya wanke kwanonsa da kayansa.

Kakar Yara, Gwandu

Malama, batun guduma a hannun ɗiya mace ban saba da shi ba, amma ba zan yi gardama ba, tunda mu ma mun yi daɓe da hannunmu. Mata ne ke taruwa da madaɓi suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba, ɗaki ya fito sumul yana ƙyalli. Abin da ya ba ni dariya shi ne a ce sai an sayi tanti kafin yaro ya kwana a waje. Da bazara duk gidan nan a tsakar gida muke kwana a kan tabarma, ana “ga ta nan, ga ta nanku” har barci ya kwashe na ƙarshe. Ɗana, ka kafa abinka a tsakar gidanka, ka kira kakarsu ta yi musu tatsuniya, za ka ga ta daina kiranka mafarauci. Amma ina da tambaya: duk ayyukan nan da kake cewa “mun yi, mun yi”, wa ke wanke kayan da yaran suka ɓata, wa ke riƙe autan? Ba mu ji ta bakin uwar ɗakin ba.

Maman Yara Uku, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Maigidan ne ya miƙo mini wayar ya ce Inna ta Gwandu ta kira ni shaida, don haka da izininsa nake magana. Inna, Allah ya ƙara girma. Gaskiya yana ƙoƙari, kuma ban taɓa ganin yaran nan sun shaƙu da shi kamar bana ba. Babban har kwaikwayon yadda yake saƙala fensir a kunne yake yi. Amma aiki uku yake buɗewa lokaci guda. Akurkin da ya ce an haɗa, har yau ƙofarsa kwali ce da dutse, shi ya sa kajin suka fita ran Talata suka cinye ramar tun tana ganye biyu, ɗiyar ta wuni tana kuka domin kunyar da ta shuka ce. Ran Litinin shi yana ofis, ni ke bin ƙusoshi a ƙasa ina tsincewa kafin autan ya rigaye ni, ni ke kankare siminti a jikin bokitin wanka, yashin da aka juye a ƙofar ɗakin girki kuwa har a cikin tuwo mun ci shi. Shatin hannun da yake yabo, kwana uku ina shafa mata man kaɗanya kafin tafin ya daina saɓa.

Ban ƙi tanti ba, bakin gulbi na ƙi. Sharaɗina biyu ne: a gama ƙofar akurki da gindin bango kafin a taɓa rumfa, kuma daren da za a kwana a tantin, shi da 'ya'yansa za su dafa abin da za a ci, ni baƙuwa ce.

Tsohon Birkila, Argungu

Ɗiyata, sharaɗinki na farko shi ne abin da na kasa koya wa yarana na aiki shekara da shekaru. Na sa hannu.

Baban Yara Uku, Birnin Kebbi

'Yan uwa, na dawo da rahoto bayan kwana goma, kuma na gode wa kowa, har da waɗanda suka fasa mini ƙwai a ka. An sa wa akurki ƙofa mai sakata, an zuba kankare a gindin bango, ƙwan zabi takwas suna ƙarƙashin kaza, layin alli kuma ya kai tara. Argungu mun je ran Asabar mun dawo da la'asar, kuma tun daga ranar babban yake tambayata ko Kanta ya fi ƙarfin soja.

Daren Juma'ar da ta wuce muka kafa tantin a tsakar gida. Malama ta Yauri ta yi gaskiya, ragar ƙofar a yage take, sai da maiɗakina ta ɗinke ta, muka kuma ɗaura gidan sauro a ciki. Tunda turaku ba sa shiga daɓe, da bulo muka danne igiyoyin. Ni da yara muka dafa dafa-duka a kan murhun duwatsu uku, ta kama a ƙasa, aka ci a haka ana yabon mai girki saboda kara. Mahaifiyata ta zo, ta ƙi shiga tantin, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne a bakinsa ta yi musu Gizo da Ƙoƙi har uku, ta koma ɗaki da autan. Wajen ƙarfe biyu iska ta taso daga gabas, bulo ɗaya ya gangare, gefen tantin ya faɗo mana a fuska. Na ce mu gudu ɗaki, babban ya ce shi ba inda za shi, ya fita da tocila a baki ya ja igiyar ya ɗaure ta a ƙarfen taga da irin ƙullin da na koya masa wajen akurki. Ruwan bai daɗe ba, amma ya isa ya taru a kwarin nan na bakin ɗaki ya jiƙa mana gefen katifa, don haka a zaune muka ƙarasa daren, su biyu a jikina cikin bargo ɗaya. Gab da asuba gari ya washe, na nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sama, ɗiyar ta ƙirga ta ce shida ne, ba su kai ƙwanta ba.

Da gari ya waye na zagaye ruwan da gawayi kamar yadda Baba ya ce. Zurfinsa ya ɗara ɗan yatsa, ke nan magudana za a yanka. Matsalar ita ce hanyar da ta fi miƙewa zuwa waje ta kan shatin hannun nan za ta bi. Baba, akwai dabara?

Tsohon Birkila, Argungu

Akwai. Ka matsa da ita taki ɗaya zuwa jikin bango, ka karya kwanar a hankali kada ta yi gwiwa, domin a gwiwa yashi ke taruwa ya toshe. Zai ƙara maka kamar rabin buhu. Kafin ka sallami wanda zai yanka, ka ba babban bokiti ya kwara ruwan da kansa.